Itacen da Ke Tsayawa Ranar Hadari

Karatu: Irmiya 17:5-8, Matiyu 7:24-27
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 2:6-7

In ka taɓa yin damina ko da ɗaya ce a Katsina, ka san yadda hadarin farko yake zuwa. Wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, bayan zafi ya gallabi kowa, sai wata yamma gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ce ke riga ruwa isowa, da jar ƙura, tana kwasar leda da kwanon rufi. Mata na rige-rigen kwashe shanya, masu shago na jan ƙofa. Washegari in ka zaga ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, da wuya ka rasa ganin darbejiya kwance a kan katangar wani, ta tsinka wayar wuta, saiwoyinta suna kallon sama. Taku goma daga nan kuma ga wata darbejiyar, sa'arta, tana tsaye, ganye kawai ta zubar. Iska ɗaya ce ta buge su.

Haka Ubangiji Yesu ya tsara misalinsa a Matiyu sura 7. Ruwan da ya sauka a kan gidan wawa shi ne ya sauka a kan gidan mai hikima, iskar ma ɗaya ce. Mu masu bi muna son addu'ar da ke cewa hadari ba rabonmu ba ne, kuma babu laifi a roƙi haka, gama Yesu ya taɓa tsawata wa iska ta kwanta (Markus 4:39). Amma Yesun nan ne ya bar jirgin da manzo Bulus yake ciki ya yi kwana goma sha huɗu a hannun guguwa (Ayyukan Manzanni 27:27). Saboda haka yau ba za mu tsaya kan ko iska za ta zo ba. Za mu duba abin da ya sa wani itace ke faɗuwa, wani kuma ke tsayawa.

Yawancinmu za mu ce taurin katako ne. Je ka tambayi masassaƙi, zai gaya maka kirya tana cikin itatuwa mafi tauri a ƙasarmu: da ita ake turmi da taɓarya, gawayinta kuma maƙera ke nema. Kuka fa? Ba kafintan da zai ɓata zartonsa a kanta. Cikinta laushi ne kamar soso, cike da ruwa, ko kujerar tsugunno ba a yi da ita. Duk da haka kuka na iya wuce shekara dubu a tsaye, ta ga hadarin da ba ya ƙirguwa. Giginya kuma wani abu ne daban. Tsakiyarta laushi, bayanta tauri, har gara ba ta cika yi mata illa ba, shi ya sa azarar tsofaffin sorayen cikin birni ta giginya ce. In iska ta taso za ka ga giginya tana rangaji kamar za ta karye, iska na wucewa ta miƙe.

Tauri yana da amfaninsa, yana hana reshe saurin ɓallewa. Amma itacen da ka gani kwance da saiwa a sama bai karye ba, tumɓuke shi aka yi. Katakonsa lafiya lau yake, har masu faskare suna murna da shi.

A cikin almajirai goma sha biyu babu mai taurin Bitrus. Shi ne ya bugi ƙirji ya ce ko kowa ya gudu ban da shi. Kafin gari ya waye, tambayar wata baranya ta kayar da shi (Markus 14:29-31, 66-72). Ka riƙe wannan a zuciyarka duk lokacin da ka ji kanka kana cewa, "Ni ai ba irin waɗanda ke ja da baya ba ne."

Bari mu dubi saiwa, domin a nan yawancin labarin yake. Mutane suna zaton saiwar itace tana nutsewa ƙasa daidai tsawon da itacen ya yi sama. Ba haka ba ne ga yawancin itatuwa. Mafi yawan saiwoyi suna cikin mita ɗaya na saman ƙasa, sai dai suna bazuwa gefe da gefe, su wuce iyakar inuwar itacen nesa. Su ne kamar igiyoyin rumfar biki. In iska ta bugo daga gabas, saiwoyin gefen gabas ne ke jan itacen suna hana shi kifewa yamma.

A wata unguwa da na taɓa zama akwai wata babbar darbejiya a bakin hanya, mai shayi na ƙarƙashinta, dattawa na shimfiɗa tabarma da la'asar. Aka zo gina lambatu. Masu haƙa suka tarar da saiwoyi masu kaurin cinyar mutum sun tare musu hanya ta gefen gabas, suka sa gatari suka datse su, aka zuba siminti, aiki ya yi kyau. Ba wanda ya ga laifinsu, unguwar na bukatar lambatun. Darbejiya kuwa ko ganye ɗaya ba ta yanƙwane ba. Ta yi rani, ta yi damina, ta sake yin rani, kore shar. A damina ta biyu, wani dare da ƙasa ta riga ta jiƙe ta yi laushi, iska ta zo, ba ma wadda ta fi ta bara ƙarfi ba, itacen ya kwanta a kan katangar maƙwabcinmu. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Da safe kowa na cewa iska ta kayar da darbejiya. Ni dai na san tun ranar da aka sa mata gatari aka kayar da ita, shekara biyu kawai ta ɗauka kafin ta kai ƙasa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, abin da ke datse saiwar mai bi sau da yawa ba mugun abu ba ne. Lambatu ne. Sabon aiki ne da ka yi azumi ka roƙa, yanzu ya cinye addu'arka ta asuba. Shago ne da Allah ya sa wa albarka har ba ka iya rufe shi ranar nazarin Littafi Mai Tsarki. Waya ce da kake kwana da ita a hannu, Littafinka kuma ƙura ta rufe shi tun daga Lahadi zuwa Lahadi. Abin tsoron shi ne ganye ba ya nunawa da wuri. Za ka ci gaba da jagorar waƙa, muryarka na nan. Za ka ci gaba da addu'a cikin harsuna, bakinka ya saba. Samson ya farka yana shirin fita kamar yadda ya saba yi, bai san Ubangiji ya riga ya rabu da shi ba (Littafin Mahukunta 16:20). Tun yaushe rabonka da ka zauna kai kaɗai da Ubangiji, ba don za ka tsaya gaban jama'a ba, ba don wata bukata ta matsa maka ba?

Akwai wata cutar saiwa da masu dashe suka sani. Ana rainon dashe a cikin baƙar leda. In ya daɗe a ciki, ko kuwa aka dasa shi ba a yage ledar ba, saiwar sai ta riƙa zagaye kanta kamar gammo. Itacen zai girma, zai yi inuwa, amma gindinsa dunƙule ne, ba abin da ya kama a ƙasa. Wannan shi ne mutumin da annabi Irmiya ya fara magana a kansa a karatunmu, wanda ya mai da ɗan adam abin dogararsa. A cikin ikilisiyoyinmu muna da irinsa da yawa, kuma ba zan ɓoye maka ba, mu masu wa'azi muna da hannu a ciki. Mai bi ya shekara goma a majami'a, amma duk bangaskiyarsa ta naɗe ne a jikin mutum ɗaya. In yaro ya yi zazzaɓi, sai Baba ya ɗora hannu. In ya yi mafarki, sai Baba ya fassara. Ka girmama bawan Allah, Littafi ya umarce ka da haka (1 Tasalonikawa 5:12-13). Amma ranar da aka yi wa Baba canjin wurin aiki, ko ya rasu, ko kuma, Allah ya sawwaƙe, shi kansa ya yi tuntuɓe, me za ka kama? Mun ga waɗanda daga nan suka shiga yawo daga wannan annabi zuwa wancan, mun ga waɗanda suka ƙare a zauren boka. Ayar haddacewarmu ta ce a cikin Almasihu ne za mu kafa saiwa. Fasto na gari aikinsa ya yage maka ledar.

Wani itacen kuma saiwarsa lafiya, amma cikinsa ne ya ruɓe. Ana ƙona shara a gindinsa, ko an sare masa babban reshe an bar rauni a buɗe, ruwa ya shiga, gara ta biyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga waje ɓawo na nan daram. Wanda ya san itace yakan buga gindin da ƙotar gatari ya saurara, in ya ji yana amsawa kamar ganga ya san kogo ne. Dawuda ya ba da labarin yadda jikinsa ya lalace a kwanakin da ya yi shiru da zunubinsa, da yadda sauƙi ya zo sa'ad da ya furta (Zabura 32:3-5). Kai ka san naka kogon: kuɗin da aka ba ka amana ka taɓa, hirar da kake gogewa kafin ka shiga gida, gabar da kake yi da ɗan'uwanka alhali kuna cin Jibin Ubangiji tare, layar da ka ajiye a ƙasan akwati kana cewa don ko-ta-kwana. Nemi dattijo ko uwa cikin Ubangiji mai riƙon asiri ka buɗe bakinka (Yakubu 5:16). Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari in kai ka nesa kaɗan, domin akwai inda masana suka zauna suka ƙirga wannan abu. A kudu maso gabashin Amurka, jihohi irin su Florida da Mississippi da Louisiana, guguwar teku tana sauka da ƙarfin da namu hadarin bai kai ba. Tun daga guguwar da aka sa wa suna Andrew a 1992 har zuwa guguwoyin 2004 da 2005, masu bincike na Jami'ar Florida sun riƙa bin unguwanni bayan iska ta lafa, suna rubuta wane irin itace ya tsaya, wane ya karye, wane aka tumɓuke. Cikin waɗanda suka fi jure iska akwai wani da ake kira magnoliya, itace mai kauraran ganye masu sheƙi da manyan fararen furanni masu ƙanshi, wanda jihar Mississippi ke alfahari da shi har ana yi mata laƙabi da sunansa. Katakon magnoliya matsakaici ne, bai kama ƙafar kiryarmu ba wajen tauri. Abin da yake da shi shi ne gangar jiki guda miƙaƙƙiya wadda rassa ke fita daga gare ta, da saiwoyi masu bazuwa nesa. A jerin nan kuma har da wani ɗan'uwan giginya. Binciken ya nuna itacen da aka bar wa fili ya baza saiwa ya fi tsira a kan wanda aka matse tsakanin titi da gini. Ya kuma nuna wani abin da zai ba ka mamaki: a wasu irin itatuwan, wanda ya saki ganyensa ga iska ya fi wanda ya riƙe nasa tsira.

Dalilin a fili yake. Ganye shi ne abin da iska ke kamawa. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura itace da shi ninkawa yake sau huɗu, kuma duk wannan nauyin ta kan ganye da rassa yake bi ya sauka a gindi. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Itacen da ya fi kowa cikar kai shi ya fi kowa shan bugu.

A nan nake so mu 'yan Fentikos mu buɗe kunne sosai. Mu mutanen ganye ne, kuma ba abin kunya ba ne. Muna gaskata da baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, muna marmarinsu, Littafi ya ce mu yi marmarinsu (1 Korintiyawa 14:1). Amma baiwa kan itace ce. Duk lokacin da ta ƙaru, jama'a suka fara kiran sunanka, aka fara gayyatarka taron farkawa a Funtuwa da Malumfashi, to abin da iska za ta kama ya ƙaru ke nan. In kai ya ninka, saiwa tana nan yadda take shekara biyar da suka wuce, kana cikin hatsari fiye da ranar da ba wanda ya san ka. A sura ɗaya da misalin gidajen nan biyu, ayoyi kaɗan kafinsa, Yesu ya yi maganar mutanen da suka yi annabci da sunansa, suka fitar da aljanu, amma ya ce bai taɓa saninsu ba (Matiyu 7:22-23). Ba maganar waɗanda ba sa zuwa majami'a yake yi ba.

Dubi gawo a gonakin bayan gari. Shi al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi ke da ganye, dabbobi na cin 'ya'yansa, domin doguwar saiwarsa ta kai ga ruwan da ke can ƙasa. Irmiya 17:8 ke nan a tsaye a gonar gero. Da damina kuwa, lokacin iska, sai ya zubar da ganyen, hadari ya ratsa ta tsakanin rassansa ya wuce, geron da ke ƙarƙashinsa kuma ya samu rana da taki. Ma'aikatan jirgin da Bulus yake ciki, da guguwa ta tsananta, da hannunsu suka zubar da kaya a teku (Ayyukan Manzanni 27:18-19). Akwai lokacin da hikima ita ce ka sauke. A wannan tsadar rayuwa wasu gidajen masu bi ba yunwa ce ke rushe su ba, ƙoƙarin riƙe ganye ne: makarantar da ta fi ƙarfin aljihu, ankon da aka ci bashi aka yi, bikin da dole sai ya fi na wane. In Uba ya sa wuƙa yana rage maka rassa (Yahaya 15:2), ba kowane rashi ne za ka ɗaure ka kore cikin sunan Yesu ba. Tambaye shi tukuna.

Masu dashe suna da wani darasi ga iyaye da masu rainon sababbin tuba. In ka ɗaure ɗan itace tam a jikin turke har ba ya motsi, zai yi tsawo amma siriri, ranar da ka kwance shi sai ya langaɓe. Kaɗawar iska ce ke sa gindi ya yi kauri. A ɗaure shi sako-sako, a kuma cire turken da zarar ya kama ƙasa. Karanta Romawa 5:3-4 da wannan a ranka.

Masu binciken Florida sun kuma ga cewa itatuwan da ke tsaye rukuni, biyar ko fiye kusa da juna, sun fi wanda ke shi kaɗai tsira. Manoman kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar sun san haka: tun 1975 aka fara dasa musu darbejiya layi bibbiyu a tsakanin gonaki don ta karya ƙarfin iska, amfanin gona kuma ya ƙaru. Kai da ka ce sujada a waya ta ishe ka, ko ka yi fushi da zumunta saboda maganar da wata ta faɗa a bara, duba Ibraniyawa 10:24-25. 'Yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka shigo birni, su ma kada a bar su su tsaya su kaɗai a bakin iska. Gidanka na iya zama layin da zai kare su.

Watakila kana karanta wannan kana cewa, "Malam, ni ai na riga na faɗi." To saurara. In ka bi hanyar Jibiya ka tsallaka iyaka za ka isa Maraɗi. A can, a 1983, wani ɗan mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Wata rana ya tsaya a hanya ya lura da ƙananan tsiron da ke ko'ina a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara. Da ya duba da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara koya wa manoma su zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi su bari, su rage sauran, su kare su daga dabbobi da wuta. Ana kiran wannan sassabin zamani. Yau an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Ayuba ya riga ya faɗi haka: itacen da aka sare yana da sauran bege, da ya ji ƙanshin ruwa zai sake toho (Ayuba 14:7-9). Bitrus da baranya ta kayar, Yesu ya riga ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare (Luka 22:31-32), kuma shi ne ya miƙe ranar Fentikos ya yi wa'azin da mutum wajen dubu uku suka tuba. In har kana jin zafin faɗuwarka, saiwar ba ta mutu ba. Kada ka jira sai ka yi ganye kafin ka dawo. Zo a kututturenka ranar Lahadin nan, ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa bayan sujada.

Aikin wannan mako: kafin hadari na gaba, fita ka zagaya itacen da ke kusa da ɗakin da 'ya'yanka ke kwana. Duba ko an datse masa saiwa, ko ƙasar gindinsa ta tsage ta ɗago ta gefe ɗaya, ko ya fara karkata, ko akwai busasshen reshe a saman rufi. In ka ga haka nemi wanda ya iya ya rage shi, ka kuma gargaɗi yara kada su fake a gindin itace in ana iska da tsawa. Bayan haka ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ajiye waya a waje, ka karanta Irmiya 17:5-10 a hankali, har aya ta 10.

Addu'a: Ya Uba, kai da ke binciken zuciya, ka buga gindina ka ji yadda yake amsawa. Ka nuna mini inda na bari aka datse, ka ba ni ƙarfin halin furta abin da na ɓoye. Ka tuna da gidajen da iska ta yaye wa rufi, da 'yan'uwan da ke kwana a gidajen da ba nasu ba. A cikin sunan Yesu. Amin.